Buhu 300 daga Bakori zuwa Oko-Oba

Shekarata 19 a Agege, amma gonarmu tana can ƙasar Bakori a jihar Katsina, inda Baba ya bar mana ita. Yayana ne a kanta. Shi ke shan rana, ni ke aika kuɗi. A nan Legas hatsi nake sayarwa. Ina da ɗan shago da sito a bayansa, kuma masu sayena kashi biyu ne: masu haɗa abincin kaji na unguwar Oko-Oba da ke nan Agege, waɗanda ke ɗaukar masara tan-tan, da matan Yarabawa masu yin ogi, wato kamunsu, waɗanda ba su san tiya ba sai derika da robar fenti. Tsarinmu da Yaya tun asali ba shi da wuya. In kaka ta yi ya fitar da zakka, ya zuba na ci a rumbu, sauran ya kai kasuwa a biya bashin taki. Ni kuma in sari nawa a hannun dillalai kamar kowa.

A 2024 ne na ce wannan tsarin ya tsufa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, komai ya tashi. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Masarar da Yaya ya sayar a kakar 2023 ina kallo ta dinga hawa, duk mako da sabon farashi, har na zo ina sayen irinta a hannun wasu da kuɗin da ya sa na riƙa jin haushin kaina. Gonarmu ce ta haife ta, amma ribar tana aljihun wanda ya ajiye ta a sito wata biyar.

Da na je gida ƙaramar Sallah, a watan Afrilu, bayan isha muna zaure na buɗe wa Yaya lissafina. Gonar hekta 6 ce. Na ce bana a zuba mata masara gaba ɗaya, ni zan ɗauki nauyin taki da iri da ƙwadago, kuma ba za a sayar da ko tiya ɗaya da kaka ba. Za a ajiye, in bazara ta yi in kwaso da kaina in kai wa masu kaji, babu dillali a tsakani.

Yaya ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ɗan Ikko, masara ba ta da haƙuri fa. Dawa in ta ji ƙishi sai ta naɗe ganyenta ta jira Allah. Masara kuwa in ruwa ya ɗauke mata lokacin da take fitar da gemu, ko tekunku ka juye mata daga baya ba za ta cika ba."

Na ce, "Yaya, ai kasuwar dawa ba ta kai ta masara ba."

Ya ce, "Ni ba kasuwa nake nomawa ba."

Inna ce ta raba gardamar washegari. Ta ce mu yi yadda muka ga dama da babbar gona, amma ta bayan gida a bar mata ita yadda mahaifinmu ke yi, dawa da wake a tsakani. Haka aka tashi: hekta 5 masara, 1 dawa. Kan iri ma sai da muka ja. Yaya yana son irin nan na SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, mai saurin nuna, wanda ke kai wa cikin wata uku da 'yan kwanaki. Ni kuma ina son irin kamfani mai daɗewa a gona, don ya fi ba da buhu. Muka yi biyu da uku, hekta 2 nasa, 3 nawa.

Taki ne ya fara nuna mini cewa aika kuɗi daban, noma daban. Malaman gona kan ce hekta ɗaya ta masara tana son buhu 8 na kamfa da kamar 3 na yuriya. Da na buga lissafi sai na ga aljihuna ba zai ɗauka ba, muka tsaya a 5 da 2. Kamfa buhu 25 a kan naira dubu 42, yuriya buhu 10 a kan dubu 35, kusan miliyan ɗaya da dubu 400 ke nan ba a ko sa garma a ƙasa ba. Abin da ke ba ni dariya, yuriyar nan wata a garin da nake zaune ake yin ta, a masana'antar Dangote ta Lekki da aka buɗe a Maris 2022, amma sai ta yi tafiyar kusan kilomita dubu sannan in saye ta a Funtuwa. Kamfa kuwa wasu sinadaranta daga waje ake shigo da su, daga Maroko da wasu ƙasashe, don haka duk tarin da dala ta yi sai manomin Bakori ya ji shi a ƙirjinsa.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar Mayu. A Legas kuwa mun fi wata guda muna shan ruwa, kwatocin Agege sun cika sun batse, don haka a raina damina ta riga ta yi nisa. Na dinga kiran Yaya safe da yamma. Maƙwabta sun shuka, me yake jira? Ina da manhajar hasashen yanayi a waya, ina karanta masa abin da ta ce, yana amsa mini da "to". Ya ce shamuwa dai ta iso, amma ya haƙa ƙasa da hannu, laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, kuma iskar da ke kaɗawa ba ta damina ba ce. Na yi fushi na kashe waya. Aka yi kwana 12 babu ɗigo. Waɗanda suka yi gaggawa tsironsu ya ƙone, suka sake sayen iri. Yaya ya shuka farkon Yuni, bayan ruwa biyu masu ƙarfi a jere. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai tayar da maganar ba.

Daga nan aiki ya miƙe. Feshin ciyawa, takin farko bayan mako biyu, noman firi. Duk Juma'a ina tura kuɗin 'yan ƙwadago, ɗan Yaya na fari yana turo mini hotuna ta WhatsApp. A mako na huɗu ya turo hoton ganye ya huhhuje kamar an harbe shi da bindigar toka, da wani gari-gari a cikin ƙoƙon masarar. Tsutsar nan ce da ta shigo ƙasar a 2016, wadda yanzu ta zama 'yar gida. Da rana tana ɓuya a can cikin ƙoƙon, don haka feshi sai da yamma lis ko da sassafe, kuma sai an saita bakin famfon a kan kowace masara ɗaya bayan ɗaya. Maganin farko da aka sayo a kasuwar ƙauye bai kashe ko ɗaya ba, ina jin ruwa ne aka rina. Sai da aka je Funtuwa aka sayo wani. Feshi uku muka yi. Inna tana ta cewa a zamaninsu toka da yashi ake zubawa, yara suka bi wani sashe da tokar don a faranta mata.

Yuriya ta shiga tsakiyar Yuli, aka yi ban ƙasa, gonar ta yi duhu har ba a hango mutum in ya shiga. Hoton da aka turo mini a lokacin na nuna wa duk wanda ya zauna a bencin shagona.

A cikin watan nan ne kuma na ji a rediyo cewa ministan noma Abubakar Kyari ya sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Na ji sarai. Na ce maganar gwamnati ce, kafin takarda ta bar ofis ta isa tashar jiragen ruwa ta Apapa mun sayar mun manta.

Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Yuli.

Kwana uku na farko ba wanda ya damu. A na bakwai Yaya ya ce ganye ya fara naɗewa da tsakar rana amma yana warwarewa da dare. A na goma ya ce ya daina warwarewa. Lokacin ne kuma aka shiga zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, dokar hana fita a Kano da Kaduna da Katsina, motocin kaya suka tsaya, kasuwa ta mutu a hannuna a nan, ga gona tana ƙonewa a can. Ba mu kaɗai ba ne, a watan an yi ta jin kukan fari daga Neja da Kwara da Kogi da Taraba. A Arewa Agusta watan marka ne, watan da tsofaffi ke cewa ko kaza ba ta bushewa, amma ga shi sararin sama fes kamar na rani. Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta taso, mutane su kwashe shanya, sai ya watse.

Liman ya sa aka yi azumin kwana uku, aka fita filin idi roƙon ruwa da tsofaffin riguna, aka juya su bayan huɗuba. Ni ina Agege, abin da na iya shi ne na sayi ƙosai da koko na raba wa almajirai da masu gadi. Ban taɓa jin nisan gida irin na waɗannan kwanaki ba. Mutumin da ke gona yana ganin abin da idonsa, yana taɓa ƙasar, in dare ya yi gajiya ta sa shi barci. Ni kuwa waya ce a hannuna, ina duba hoton girgije a manhaja da ƙarfe biyun dare.

A kwana na 17 aka yi ruwa. Ɗan Yaya ya kira ni bai ce komai ba, ya ɗaga wayar sama don in ji ƙararsa a kan kwano.

Sai dai abin da Yaya ya faɗa a zaure ya riga ya faru. Irinsa mai saurin nuna ya riga ya yi goyo kafin farin ya yi tsanani, ya tsallake da ɗan rauni. Nawa kuwa farin ya same shi daidai lokacin da yake fitar da kai da gemu. A masara, ƙurar furen da ke saman kai ce ke faɗowa kan gemun, kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. In ƙishi ya kama ta, kan ya riga ya zubar da ƙurarsa kafin gemun ya fito, sai su saɓa. Da aka ɓare goyon daga baya, ƙwayoyin nan ɗaya can ɗaya, giɓi ko'ina kamar bakin tsohuwa. Dawar Inna kuwa ko a jikinta. Kwana biyu da ruwa ta miƙe kamar ba a yi komai ba.

Satumba ta zo da nata. Ruwan da aka roƙa ya zo har ya yi yawa, a watan ne madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri ranar 10 ga wata. Mu namu da sauƙi: gefen gonar da ke gangare ya kwanta cikin ruwa kwana huɗu, iska kuma ta kayar da wani sashe. A Oktoba aka karya, aka ɓare, aka shanya, aka kawo injin casa. Buhu 131 aka ɗinke. A lissafina na zaure 200 na sa.

Yaya ya ware 13 na zakka tun a masussuka, ɗaya cikin goma, tunda ruwan sama ne ya shayar. Na so in kawo maganar da na ji wasu malamai na yi ta cire kuɗin taki kafin a fitar, ya ce shi yadda ya ga Baba na yi haka zai yi. Aka zuba 18 na ci a buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Saura 100 cif.

A makon aka taya buhu dubu 58 a bakin gona. Duk abin da na kashe tun daga iri har ɗinki bai wuce miliyan 3 ba sosai. Ke nan da fari da tsutsa da ambaliya da komai, da mun sallama a ranar da mun tashi da ribar da ta kusa miliyan 3, ga abinci a rumbu. Yaya ya ce, "Ka sayar ko da rabi ne, ka mayar da uwar kuɗinka. Sauran in ka ga dama ka yi caca da shi."

Ban sayar ba. Abin da na yi ma ya fi haka. Tirela buhu 300 take ɗauka, tan 30, kuma kawo buhu 100 Legas a ƙaramar mota bai da riba. Sai na ce bari in cike ta. Na kwashe jarin shagona, na sayar da fulotin da nake da shi a Funtuwa, sannan na je wurin wani aminina da ke harkar dabbobi a mayankar Oko-Oba ya ba ni miliyan 4 a kan za mu raba riba. Sharaɗinsa ɗaya: kuɗinsa su dawo kafin babbar Sallah, don da su yake saro raguna. Na ce ai kafin azumi ma an gama. Muka sayi buhu 200 a hannun maƙwabta, waɗanda bashi ya sa dole su sayar.

Ajiya ita ma aiki ce. A Legas ba a ajiye masara ta daɗe, laimar garin kaɗai ta isa ta sa ta fumfuna, don haka muka kama sito a Funtuwa. Kowane buhu sai da Yaya ya ɗebo ƙwaya ya ciza. In ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a mayar da ita rana. Wanda ya yi shakka a kansa sai ya zuba ƙwayoyin a busasshiyar kwalba da gishiri ya girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran ruwa. Aka shimfiɗa katako, aka jera buhunan nesa da bango, aka sa ƙwayar maganin ƙwari aka toshe ko'ina. Kuɗin haya, kuɗin mai gadi, sake magani bayan wata uku, duk suna tafiya ko farashi ya motsa ko bai motsa ba.

Bai motsa ba. Disamba ta wuce, Janairu ta wuce. Dillalina yana cewa a bari hunturu ya fita. Aka ɗauki azumi 1 ga Maris 2025, lokacin da kayan abinci suka saba tashi, sai ga masara tana sauka. Dubu 55, dubu 52. A Afrilu 50.

Yanzu in na waiwaya, abin da ke ci mini rai shi ne duk alamun suna gabana, kuma na fi Yaya damar ganinsu. Shi sama yake karantawa, kuma ya karanta daidai. Kasuwa aikina ce. Littafin bashina kaɗai ya isa ya gaya mini: daga cikin masu kajin da ke saye a wurina, da yawa sun rufe gonakinsu a shekarar da masara ta yi tsada, sun sayar da kajin, wasu sun koma wata sana'a. Bakin da zai ci masarar ya ragu. Manyan kamfanonin abincin kaji kuma, tun da Babban Banki ya ɗage takunkumin ba da dala ga masu shigo da nau'in kaya 43 a Oktoba 2023, masara na ciki, sannan ga rangwamen haraji, suna da wata ƙofar ban da tamu. Ina ganin tirelolin da ke fitowa daga Apapa da idona. Na uku kuma, wanda ya fi ba ni kunya, dabarar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai ashe ta kowa ce. Duk wanda ya ga farashin bara ya shuka masara bana. Duk mai ɗan kuɗi ya saya ya ajiye: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai shayi, har matan aure da kuɗin adashi. Sito-sito na Funtuwa da Dandume da Dawanau cike suke da masarar mutane irina, kowa yana jiran ranar da za ta yi ƙaranci. Ganin hadari ne ya sa mu duka wanka da kashi.

A Mayu aka matse ni ta gefe biyu. Yaya yana son kuɗin taki don damina ta kawo kai, aminina kuma ya fara gaishe ni da "yaya labarin Arewa?" in mun haɗu a masallaci. Babbar Sallah 6 ga Yuni. A Funtuwa ana taya buhu dubu 45. Na ce gara in kawo Legas ko na rage asara.

'Yan kamasho suka samo mana tirela a kan dubu 7 kowane buhu, ban da 'yan dako da takardun haraji da abin da direba zai riƙa miƙawa a shingaye. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Birnin Gwari zuwa Tegina, amma direban ya ce shi ya daɗe da sallama ta. Zai bi Zariya, Kaduna, ya karya ta Lambata zuwa Bida, Mokwa, ya haye kogin Kwara a Jebba, sannan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Aka yi lodi ranar 27 ga Mayu, aka ja tamfol, ɗan Yaya ya hau gaba don ya raka kayan.

Ranar 29 da hantsi ya kira ni. Ya ce suna tsakanin Bida da Mokwa, motoci sun tsaya, layi ba a ganin ƙarshensa, wai ruwa ya ci gari kuma gada ta karye. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Kayan fa? Ruwa bai taɓa su ba?" Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba ƙarami, mutane ake tonowa daga cikin laka." Ambaliyar Mokwa ke nan, wadda ta kashe mutane fiye da 150 cikin 'yan sa'o'i, da yawansu Hausawa 'yan uwanmu mazauna can. Har yau in na tuna tambayar da na yi sai in ji wani iri.

Kwana uku suna wurin, ana ruwa a kansu. Daga nan direban ya ce zai juya ya bi ta Abuja da Lokoja da Okene, amma sai an ƙara masa kuɗin gas. Ban da zaɓi, na tura. Suka shigo Legas daren 4 ga Yuni, ana jibi Sallah, garin ya cika da raguna da cunkoso.

Da safe muka kai wa wani mai injin abincin kaji da na daɗe ina hulɗa da shi. A Arewa buhu ake ciniki, a wurinsa kilo ne. Yaransa suka riƙa soka ƙarfe a kowane buhu suna zuba ƙwayar a na'urar auna laima. Shi laimar kashi 14 cikin ɗari yake so ko ƙasa da haka. Na gaba da na tsakiya suka ba da 12, har ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, wannan ta bushe da kyau." Da aka zo bayan motar, inda tamfol ya yage, sai na'urar ta fara nuna 17, 18. Buhu 34 ya ture gefe. Na roƙe shi, ya ce ba zai iya ba, fumfunar masara tana haifar da gubar da ke kashe 'yan tsaki, in ta shiga injinsa shi da masu sayensa sun rabu. Gaskiyarsa ce.

Sikeli kuma ya yi nasa. Buhun da muka saya a matsayin kilo 100 da kaka, bayan wata bakwai a sito ya koma 96, wani 95. Ruwan da ya fita daga jikinsa ni na biya kuɗinsa. Ya saya a naira 530 kilo, rabi a hannu, rabi bayan mako biyu.

Buhu 34 ɗin nan muka kai bayan shagona muka baje a tamfol, ni da yarana biyu da ɗan Yaya, muna shanyawa muna kwashewa duk lokacin da hadari ya taso. Ranar Sallah bayan idi ma abin da muka yi ke nan. Wata cikin masu ogi, tsohuwar mai sayena, ta gani ta ce in ba ta da rahusa, in an jiƙa an wanke ba wanda zai sani. Na ce, "Iya, wannan ba ta koko ba ce," don na san jarirai ake ba ogin nan. Muka tsince, 26 suka dawo hayyacinsu na sayar da su dubu 35 ga masu kiwo, 8 sun yi baƙi muka zubar.

Da na rufe lissafi, abin da ya shigo miliyan 14 ne da ɗoriya, abin da ya fita ya haura 17 da rabi. Aminina na kai masa miliyan 2 da rabi daren Sallah, lokacin da ba su da sauran amfani a wurinsa, kasuwar raguna ta riga ta tashi. Ya karɓa ya ƙirga, ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sauran ina biyansa kaɗan-kaɗan.

Yaya na tura masa abin da ya samu, bai kai rabin na bara ba, kuma a lokacin buhun kamfa ya riga ya fi buhun masara tsada. Ban ce masa ga abin da zai shuka ba. Daga baya ɗansa ya gaya mini hekta 2 ya ba masara, duk irin Samaru, sauran dawa da waken suya, wanda ba ya cin taki sosai. Da yaron zai koma gida ya buɗe jakarsa ya fito da wani ƙulli da Inna ta ba shi tun ranar lodi, ya manta da shi saboda abin da suka gani a hanya. Dawa ce, kamar tiya uku, ta gonar bayan gida. Uwargida ta kai inji, muka yi kwana biyu muna tuwo da miyar kuka.

Da kakar 2025 ta shigo dillalina na Funtuwa ya kira ni. Ya ce sabuwar masara ta faɗi ƙasa da dubu 35, manoma na kuka, da yawa sun rantse baɗi ba za su shuka ta ba. Ya ce, "Alhaji, wallahi in akwai shekarar ajiya to bana ce. Kowa ya ji tsoro, sito duk a buɗe." Na ce zan kira shi. Na ɗauko biro na fara bugawa a bayan wani tsohon rasit, na kai wajen kuɗin haya sai ga wata mai ogi ta shigo tana son roba biyu, na ajiye na tashi na auna mata.